Adashin da Na Ce Ba Bashi Ba Ne

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da masu karatu, ina roƙon a ba ni fili in bayyana wani kuskure da na yi, wanda har yau ban gama juya shi a raina ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma babu wanda ya nufe ni da sharri a cikinsu.

A lokacin ina da shekara ashirin da uku. Na kammala digirina na injiniyan lantarki a Manchester, ina zaune a ɗaki ɗaya cikin wani gida da mu huɗu muke haya a Hulme, ina aikin wucin gadi na amsa wayar abokan ciniki kafin in sami aikin da na karanta. Iyayena da ƙannena biyu suna Erdington a Birmingham, inda muka sauka tun ina da shekara goma sha ɗaya, bayan mun baro Kano. Ni mutum ce da ba ta iya aika saƙo sai ta karanta shi sau uku. Ƙawayena na jami'a sun sha tsokanata cewa ko takardar cefane na rubuta sai na sa mata kwanan wata da sa hannu. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san cewa abin da ya same ni ba daga sakaci ya zo ba. Ina sane na yi shi.

Wani kamfani da ke yi wa gwamnati ayyukan da suka shafi tsaro ya ɗauke ni aiki, amma bisa sharaɗi guda: sai na tsallake tantancewar tsaro. Ma'anarta ita ce hukuma za ta binciki tarihin mutum, da harkokin kuɗinsa, da alaƙarsa da ƙasashen waje, kafin a yarda ya ga bayanan da ba kowa ake nuna wa ba. In ba a amince da ni ba, babu aikin. Aka turo mini dogon fom. Na shafe mako biyu a kansa. Na buga wa tsohon mai gidan da na zauna a shekarata ta farko ta jami'a waya domin in tabbatar ko ranar ƙarshe ta wata na tashi ko ranar ɗaya ga sabon wata. Na bi hatiman fasfo ɗina ɗaya bayan ɗaya na lissafa duk zuwana Nijeriya. Na rubuta cewa fasfo biyu gare ni, na rubuta bashin karatun da gwamnati ke bi na. Har na soma jin daɗin cewa da wuya su taɓa ganin fom mai tsabta irin nawa.

Sai na iso tambayar kuɗi. Ba zan iya kawo kalmominta daidai ba, kuma ba na son in ƙirƙira, amma manufarta ita ce in bayyana duk wani bashi ko wani nauyin biyan kuɗi da ke kaina a kai a kai. A nan hannuna ya tsaya, domin wata huɗu kafin nan na shiga adashi.

Ga yadda aka yi. Umma tana cikin adashin matan da suka san juna a Birmingham, wanda wata ƙawarta da muke kira Hajiya ke riƙe da shi a matsayin uwar adashi. Hannu goma ne, kowane hannu yana zuba fam ɗari uku a wata, mai kwasa ta ɗauki fam dubu uku. Umma ta roƙe ni in karɓi hannu ɗaya da sunana, domin a taimaka wa Yaya. Yaya ɗa ne ga yayar Umma da ta rasu, a gidanmu ya tashi, shi yake ɗaukata a keke zuwa makaranta, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Da za mu taho Ingila, a takarda shi ba ɗan Abba ba ne, don haka aka bar shi a Kano. Umma ba ta taɓa yafe wa kanta wannan ba. Yana neman jarin buɗe shagon kayan sola, shi ya sa Hajiya ta yi mana alfarma ta sa kwasata a wata na biyu. Kuɗin suka shigo asusuna daga asusun Hajiya, washegari na tura su Kano. Abba bai sani ba, saboda ya riga ya ce abin da aka aika a shekarar ya isa, Umma kuma ta ce in bar maganar tsakaninmu.

Lissafin a bayyane yake ga duk wanda ya iya ƙidaya. Na karɓi fam dubu uku, na zuba sau huɗu, saura sau shida. Wato akwai fam dubu ɗaya da ɗari takwas da wajibi ne in biya. Amma a kunnena kalmar bashi ba ta hau kan adashi ba. Ban taɓa jin an ce wance tana cin bashi don ta yi kwasa ba. Na rufe kwamfuta, na hau jirgin ƙasa ranar Asabar na tafi Birmingham domin in tambayi Umma ido da ido.

Na same ta a kicin tana yanka alayyahu. Da na gama bayani sai ta ajiye wuƙa ta dube ni, ta tambaya ko karatun ne ya soma taɓa mini kai. Ta ce ita tun tana amarya take adashi, uwarta ma da shi ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, kuma ba ta taɓa cin bashin kowa ba, ba kuma za ta zauna 'yarta ta rubuta wa Turawa da hannunta cewa ana bin ta bashi ba. Ta ce bashi shi ne wanda ake zuwa ƙofar gidanka a yi sallama da safe, ka ce wa yara su ce ba ka nan. Adashi kuwa kuɗinki ne kike tarawa a hannun 'yan'uwa, kawai dai wata ta riga wata ɗauka. Babu ruwa, babu takarda, babu lauya. Na ce mata ai ni na riga ɗauka, kuma ban gama zubawa ba. Ta ce to ai shi ya sa ake kiransa amana. Don ta rufe mini baki ta kira Hajiya ta sa wayar a amsa-kuwwa. Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce in gaya wa masu fom ɗin cewa ita ba banki ba ce, in kuwa banki ce to ina ruwan da take ci, ita da ko kuɗin katin waya ba a ba ta. Sannan muryarta ta sauya, ta ce in yi wa Allah kada in kai sunanta da na matan mutane gaban gwamnati, kowa da lalurarsa, kuma mazan wasu ma ba su san suna zubi ba.

Da za ta raka ni tashar bas, Umma ta riƙe hannuna ta ce in tuna cewa idan maganar ta fita, Abba zai ji, kuma ita ce za ta ji kunya, ba ni ba. Ba ta umarce ni ba. Roƙona ta yi, kuma roƙon ya fi umarni nauyi.

Na koma Hulme na amsa cewa babu wani abu bayan bashin karatu. Sai dai ɓoye abu ɗaya ya jawo na biyu. A wurin 'yan'uwa na rubuta ƙannena biyu, wanda gaskiya ne a takarda. Amma akwai inda aka nemi mutanen ƙasar waje da nake da kusanci da su, kuma duk duniya babu wanda ya fi Yaya cancantar wannan gurbi, tun da kusan kowace Juma'a muna waya. Na ga cewa idan na rubuta shi za a tambayi ko ina tura masa kuɗi, idan aka tambayi kuɗin za a iso kan Hajiya. Na rubuta kakata da kawuna, na tsallake shi. Na tura fom ɗin.

Wata ukun da suka biyo baya ban sami natsuwa ba. Ina amsa wayar abokan ciniki, amma a cikin kaina shari'a nake yi, ni ce mai ƙara, ni ce mai kare kai. In na tuna maganar Umma sai in ga ai ban yi ƙarya ba, kalma ce kawai muka fahimta daban. In na tuna cewa tambayar ba bashi kaɗai ta ambata ba, har da nauyin biya a kai a kai, sai hujjar ta rushe. Na duba ma'anar bashi a ƙamus biyu. Na rubuta imel na gyara bayanina, na karanta shi sau uku kamar yadda na saba, na ajiye ban tura ba. Bayan kwana biyu na sake buɗe shi na canza jimla ɗaya, na sake ajiyewa. Na ƙirga daga baya, sau goma sha ɗaya na gyara wannan imel. Da rana in na tashi daga aiki sai in zagaya filin shaƙatawa na unguwarmu in kasa zama a benci, in dawo gida in kasa zama a ɗaki. Duk ranar ɗaya ga wata, idan na tura wa Hajiya zubi, sai in ji kamar da hannuna nake ƙara layi a kan shaidar da za a kafa mini. Har tunanin in riƙa kai mata kuɗin a hannu ya zo mini, amma na gane wannan ƙarin ɓoyo ne, na bari. Wata 'yar gidanmu ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce mata jiran sakamako ne kawai.

Aka kira ni ganawa, aka ce in zo da takardun asusuna na banki na watannin baya. Mai tantancewar wata dattijuwa ce mai furfura, mai magana a hankali. Ta ba ni shayi, ta ce ba jarrabawa ba ce, hira ce. Kusan awa guda komai yana tafiya daidai. Ta tambayi fasfona na Nijeriya da zuwana gida, na amsa, ba ta nuna damuwa ba. Har ta yaba mini, ta ce ba kasafai take ganin wanda kwanakin tashinsa daga gida zuwa gida suka dace haka ba. Sai ta jawo takardun bankin ta ɗora yatsa a kan fam dubu uku, ta tambayi daga ina.

Ina da damar faɗin gaskiya a wannan lokaci, kuma na san ina da ita. Abin da ya fito daga bakina shi ne kyauta ce daga antina. Ta tambaya ko antin 'yar'uwar mahaifiyata ce ko ta mahaifina. Na ce ba ko ɗaya, mu duk ƙawar uwa anti muke ce mata. Ta gyaɗa kai, ta buɗe shafi na gaba, ta nuna fam ɗari uku da ke fita zuwa ga sunan nan duk wata, ta tambaya cikin ladabi ko a al'adarmu ana mayar da kyauta kaɗan-kaɗan. Ba ba'a take yi ba, da gaske take son ta fahimta, kuma wannan ya fi ba'a zafi. Kafin in haɗa amsa ta koma kan kuɗin da suka fita washegari zuwa Nijeriya, ta tambayi wa na tura wa. Na ce yayana, domin harshena bai san wata kalma ba. Ta buɗe fom ɗina ta ce ita 'yan'uwa biyu ta gani, dukansu ƙannena ne, kuma suna makaranta a Birmingham.

Daga nan na faɗi komai: hannu goma, kwasa, zubi, rasuwar yayar Umma, keken da Yaya ke ɗaukata a kai, har imel ɗin da ban tura ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ta san irin wannan tarin kuɗi, ta sha haɗuwa da shi a wurin mutanen ƙasashe daban-daban, kowa da sunan da yake kiransa. Ta ce samun bashi ko dangi a waje ba shi kaɗai ke hana a amince da mutum ba. Abin da suke dubawa shi ne ko mutum yana da wani abu da yake ɓoyewa, wanda wani zai iya kamawa ya matsa masa da shi. Sai ta tambaye ni dalilin da ya sa ban rubuta ba. Na ce mahaifiyata ce ta roƙe ni. Na ga ta rubuta wannan, kuma tun alƙalaminta bai bar takarda ba na fahimci abin da na faɗa. Na gaya wa wadda aikinta shi ne gano ko za a iya matsa mini in ɓoye gaskiya cewa an riga an matsa mini, kuma na ɓoye.

Bayan makonni wasiƙa ta zo cewa ba a amince da ni ba, kamfanin kuma ya janye tayinsa cikin kalmomi masu taushi. Wajibi ne in yi adalci a nan: ban ga abin da aka rubuta a kaina ba, don haka ba zan ce ga takamaiman abin da ya kayar da ni ba. Ba zan kuma yi wa kowa alkawarin cewa da na rubuta adashin da lalle na wuce ba. Abin da na sani shi ne sun tambaye ni fasfo biyu na amsa aka wuce, sun tambaye ni dangi a Kano na amsa aka wuce, ba a tsaya ba sai a inda bakina ya saɓa wa takardata.

Dole na gaya wa iyayena, domin Abba ya riga ya sanar da abokansa cewa 'yarsa ta sami aiki. Abba akanta ne. Ya saurari labarin har ƙarshe bai ɗaga murya ba, sannan ya ce abin da ka karɓa ba ka gama biya ba, ko me aka kira shi a gida, a littafi gefe ɗaya yake zama, kuma da na tambaye shi da minti ɗaya ya ishe mu. Ya juya ga Umma ya ce da ta gaya masa don yaron nan ne, da shi da kansa ya bayar, ai shi ma ɗansa ne. Umma ta tashi ta shiga kicin, na ji tana wanke tukunyar da na san an riga an wanke. Da Yaya ya ji, ya kira ni ya ce zai sayar da kayan shagon ya mayar mini da kuɗin. Na ce masa kuɗin ba su ne matsalar ba, ya riƙe shagonsa. Sai ya tambaya ko da gaske ne ban rubuta sunansa a cikin 'yan'uwana ba. Bai ce ya ji haushi ba. Har yau da na tuna tambayar sai in rasa inda zan sa kaina, domin an bar shi a baya sau ɗaya saboda takarda, ni kuma na sake barinsa.

Zubina na ƙarshe ya faɗo ranar da nake Erdington, sai Umma ta ce mu je mu gaida Hajiya in tura mata a gabanta. Muka zauna a falonta, ta kawo mana kunun aya, na tura kuɗin, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗauko ɗan littafinta ta ja layi a kan sunana, ta yi murmushi ta ce, "Alhamdulillahi 'yata, yau kin sauke bashi, sai ki yi barci da daɗi." Ba ta ma lura da abin da ta faɗa ba, ta ci gaba da labarin bikin da za a yi a Leicester. Na dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai tana kallon kofinta. A motar bas, muna komawa, da muka kusa sauka ta ce in yafe mata. Na ce ba ita ta cike fom ɗin ba.

Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe kafin in karɓa. Umma ta faɗi abin da ta sani, Hajiya ta kare matan da suka ba ta amana, amma ni ce na karanta tambayar da idona, na fahimce ta, na nemi wanda zai ba ni izinin in yi kamar ban fahimta ba. Na ɓata mako biyu ina tabbatar da kwanan watan da ba wanda zai damu da shi, domin gaskiya a ƙananan abubuwa ba ta da tsada. Da na iso inda gaskiyar za ta ci mini wani abu, sai na fake da kalma.

Yanzu ina aiki a wani kamfanin da ba ya buƙatar irin wannan tantancewa, kuma ina gode wa Allah. Ban san ko zan sake nema ba. Amma ina kira ga 'yan'uwana matasa da ke tasowa a ƙasar nan, waɗanda za su nemi aikin da ake bincike kafin a ba da shi. Mu mutane ne da kuɗinmu ke ratsa hannun dangi ba tare da takarda ba, kuma muna kiran mutane yaya da anti da baba ba don jini ɗaya ba. Babu abin kunya a cikin wannan, amma wanda ke karanta fom ɗinku bai san shi ba sai kun gaya masa. Idan kuna cikin adashi, ku rubuta shi, ku yi bayanin yadda yake aiki, da abin da kuka karɓa da abin da ya rage. Idan akwai wanda kuke tura wa kuɗi a gida, ku ambace shi da ainihin dangantakarku. Idan kuna shakkar ko abu ya shiga cikin tambaya, ku tambayi masu fom ɗin tun kafin ku tura, kada ku tambayi wanda zai ji kunya idan amsar ta zama e. Ku kuma iyayenmu, ina roƙonku da girman Allah, kafin ku sa sunan ɗa ko 'ya a hannun adashi, ku tambaye su irin aikin da suke nema, kuma kada ku ɗora musu rufin asirin da zai sa su zaɓa tsakaninku da gaskiya.

Imel ɗin nan yana nan a ajiye, ban goge shi ba. Jimla biyar ne, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya rage masa kawai shi ne in tura.